Sunan ƙanina ya fito tafiya Somaliya, wai me ɗan sanda ke yi a can ne?

Baban_Ilham:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah waɗanda suka san harkar nan su ɗan haska min. Ƙanina ɗan sanda ne, mobayal, shekararsa tara a aiki, shekaranjiya da daddare ya kira ni wai sunansa ya fito cikin waɗanda za a tura Somaliya aikin wanzar da zaman lafiya, shi dai murna yake kamar wanda aka ba kujerar Makka amma Hajiyarmu tunda ta ji labarin ta daina barci, ita abin da ta sani game da Somaliya bai wuce Al-Shabab da bam ba. Ni aka ɗora wa lallashinta kuma wallahi ban san me zan ce mata ba, don ni kaina a tunanina soja ake turawa irin wannan aiki. To ɗan sanda me zai je yi? Ɓarawo zai kama a ƙasar da ko yarensu ba ya ji? Kuma hatsarin ya yake, a gaya min gaskiya ba wai a kwantar min da hankali kawai ba.

Tsohon_Sufeto:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ma sha Allah, Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya. Ni na fita sau biyu kafin in yi ritaya, Laberiya da Darfur, to bari in ɗan faɗi abin da na sani.

Tafiyar iri biyu ce. Akwai waɗanda ake turawa rukuni guda, mutum 140 zuwa 160, da kwamandansu da motocinsu masu sulke da bindigoginsu da likitansu har da makanikai, mu FPU muke ce musu, kuma tunda ka ce ƙaninka mobayal ne to kusan tabbas nan zai faɗa. Sai kuma waɗanda ke tafiya ɗaiɗaiku, IPO, su yawanci ko bindiga ba sa riƙewa, aikinsu koyarwa da ba da shawara, a zaunar da kai a caji ofis ɗin ƙasar kana nuna musu yadda ake rubuta rahoto, yadda ake tsare wanda ake tuhuma ba tare da an jibge shi ba, yadda ake adana shaida kar ta lalace kafin a je kotu. Ni a Laberiya FPU na je, a Darfur IPO.

Batun kama ɓarawo da ka yi, a'a ba kai za ka kama ba. Ƙasar tana da 'yan sandanta, kai kana bayansu ne. Ku fita sintiri tare, ku tsaya musu a shingen bincike, ku yi rakiya, in zanga-zanga ta tashi ku ne masu garkuwa da barkonon tsohuwa, in lokacin zaɓe ne ku tsare wuraren. Wuraren da aka taɓa ba 'yan sandan Majalisar Ɗinkin Duniya cikakken ikon kamawa da tsarewa su ne irin Kosovo da Timor ta Gabas daga 1999, saboda a lokacin babu ma gwamnatin da za a ce ana taimakawa, Majalisar ce ke riƙe da komai.

Me ya sa ba a bar wa soja kaɗai ba? Soja an koya masa ya tunkari maƙiyi. To in matasa 500 suka taru gaban ofishin gwamnati suna jifa saboda ba a biya su haƙƙinsu ba, waɗannan ba maƙiya ba ne, in ka turo soja da bindigar yaƙi gawa za a kwasa. Nan ne amfaninmu. Kuma yaƙi in ya ƙare abin da ya fi saurin rushewa kuma ya fi wahalar gyaruwa shi ne ɗan sanda da kotu da gidan yari. A Laberiya bayan yaƙin da ya ƙare 2003 mutane in sun ga yunifom gudu suke yi, sai da aka sake ɗaukar 'yan sanda sabbi aka tantance su aka yi musu tirenin daga farko, muna nan aka yi zaɓen 2005 da Ellen Johnson Sirleaf ta ci.

Wani abu kuma, ta Somaliya ba ta Majalisar Ɗinkin Duniya ba ce kai tsaye, ta Tarayyar Afirka ce, koriyar hula zai sa ba shuɗiya ba. An fara da suna AMISOM a 2007, ta koma ATMIS a 2022, daga farkon 2025 kuma AUSSOM. FPU ɗin Najeriya tun 2012 suke Mogadishu, ana canja su rukuni bayan rukuni, kenan ba sabuwar hanya zai bi ba, akwai waɗanda suka je suka dawo da zai iya tambaya.

Hatsari kam akwai, ba zan yi maka ƙarya ba. Mogadishu ana dasa bam a hanya, ana harba roka cikin sansani. Amma ba su ne ke shiga daji farautar Al-Shabab ba, wannan na sojoji ne, su a sansani suke kwana kuma ba a fita sai cikin mota mai sulke da tsari. Mobayal da ya yi shekara tara a Najeriyar yanzu, ina kyautata zaton ya riga ya ga wuraren da ba su fi can sauƙi ba.

Gaskiya_Ɗaci:
Ni fa wannan abu yana ba ni mamaki wlh. Gida bai ƙoshi ba an kai wa dawa. Ƙauyuka nawa ne a Zamfara da Katsina da Sakkwato da za ka yi tafiyar awa guda ba ka ga ɗan sanda ko ɗaya ba, ana ɗibar mutane kamar kaji, amma muna da mutum 160 da motoci masu sulke da za mu kai wa Somaliya? Inuwar giginya kenan, na nesa ka sha. Ba da ƙaninka nake ba Baban_Ilham, shi umarni aka ba shi kuma Allah ya tsare shi, da masu tsarin nake.

Malam_Nazari:
Gaskiya_Ɗaci na fahimci zafin da kake ji amma lissafin bai fita yadda kake gani ba. 'Yan sandan Najeriya ana maganar wajen 370,000 ne, waɗanda ke waje a lokaci guda kuma ɗaruruwa ne kawai, ko duka aka dawo da su gobe aka raba wa ƙananan hukumomi 774 wasu ko mutum ɗaya ba za su samu ba. In neman inda 'yan sanda suka ɓace kake yi, duba waɗanda ke riƙe wa manya jaka da buɗe musu ƙofar mota, su ne dubbai, kuma sufeto janar nawa ne suka sanar za a janye su?

Kuma abin ba jiya aka fara ba. Tun 1960, shekarar da muka samu 'yancin kai, rikici ya ɓarke a Kwango bayan Beljiyam ta fita, Majalisar Ɗinkin Duniya ta tura runduna kuma Najeriya ta ba da sojoji da 'yan sanda. Wannan aikin na Kwango shi ne karon farko da Majalisar ta yi amfani da 'yan sanda, kenan da mu aka buɗe fagen. A rikicin ne ma babban sakataren Majalisar Dag Hammarskjold ya mutu a hatsarin jirgi kusa da Ndola a 1961, kuma Aguiyi Ironsi ne ya riƙe kwamandan rundunar gaba ɗaya a 1964. Bayan nan 'yan sandanmu sun je Namibiya a 1989 lokacin da ake shirin zaɓen da ya kai su ga 'yanci a Maris 1990, aikinsu a can sa ido kan 'yan sandan da Afirka ta Kudu ta kafa kar su tsorata masu zaɓe, ka ga wannan ya dace da matsayin da Najeriya ta ɗauka kan wariyar launin fata. Sun je Kambodiya, Bosniya, Kosovo, Timor ta Gabas, Saliyo, Laberiya har aka rufe aikin a Maris 2018, Haiti, Darfur, Sudan ta Kudu, Mali, ga kuma na ECOWAS a Gini Bisau daga 2012.

Ba sadaka ba ce zalla. Duk lokacin da Najeriya ta tashi neman kujera a kwamitin sulhu wannan tarihin take ɗagawa. Sannan wutar da ta kama gidan maƙwabci in ba ka kai ruwa ba kai ma tana zuwa, makaman da suka fito Libiya bayan 2011 ina suka ƙare?

Gaskiya_Ɗaci:
To na ji batun lissafi, na yarda ba yawansu ne matsalar ba. Amma ga tambayar da ta fi damuna, Yallaɓai Tsohon_Sufeto kai nake so ka amsa tsakaninka da Allah. Ya aka yi mutum ɗaya, a waje ana rataya masa lambar yabo ana cewa ya fi kowa ladabi, ya dawo gida kuma sai ka same shi a kan titi yana miƙa hannu? Jirgi ne ke canja hali ko me?

Tsohon_Sufeto:
Hahaha jirgi ba ya canja hali ɗana. Tambayarka mai kyau ce kuma ni kaina na daɗe ina juya ta a raina.

Ka ga a can, motar sintiri da mai a ciki kake samunta da safe, ba wanda zai ce ka nemo. Rediyo yana aiki. Takardar rubuta rahoto da biro da kwamfuta suna nan, ba sai mai ƙara ya saya ba. In ka yi rashin lafiya akwai asibitin sansani. Awowin aikinka sanannu ne, hutunka sananne ne. To wannan rabi kenan. Ɗaya rabin shi ne tsoro, kuma shi ne mutane ba sa faɗa. A can in ka karɓi ko ƙwandala a hannun wani, ko ka mari farar hula, ko aka ji ka da 'yar mutane, akwai ofishin ladabtarwa da ba ruwansa da wa ka sani, wanda zai bincike ka wataƙila ɗan Nepal ne ko ɗan Jodan bai san ubangidanka ba, cikin 'yan kwanaki an sa ka a jirgi an dawo da kai, kuɗin da ka ci buri a kai ya tafi, sunanka ya shiga baƙin littafi ba ka ƙara fita har abada. Mutum in ya san abin da zai rasa ya fi abin da zai karɓa sau dubu, hannunsa na aljihu.

Kuma kar mu manta ba kowa ake turawa ba, tacewa ake yi. In ka tace mutum 160 cikin dubbai dole ka samu na kirki. Ba wai kuma can mala'iku ne ba, an samu masu aikin wanzar da zaman lafiya daga ƙasashe daban-daban da suka yi lalata da mata da yara, abin ya yi muni har kwamitin sulhu ya fitar da ƙuduri a 2016 cewa za a iya korar rukuni sukutum in abin ya yawaita a cikinsu.

Abin da ya fi tsaya min a rai daga Darfur shi ne rakiyar itace. Matan sansanin 'yan gudun hijira in sun fita neman itacen girki 'yan bindiga na tare su a daji su yi musu fyaɗe, mazan kuma in suka fita kashe su ake yi, shi ya sa matan ke zuwa. Sai aka tsara ranaku, mu da sojoji mu bi su da mota a hankali, su yi itacensu mu dawo tare. Ba harbi ba komai, tafiya kawai a bayan mata da jakuna cikin rana, amma ranar da muka fita lafiya ake dawowa. A cikin sansanonin kuma muka buɗe ƙananan ofisoshi muka koya wa matasa 'yan sa kai yadda za su riƙa kawo rahoto, don mutanen sansanin ba su yarda ɗan sandan gwamnati ya shigo musu ba sam. Wani abin dariya, rannan a kasuwar Nyala ina ta fama da guntun Larabcina sai wani dattijo ya dube ni ya ce "sannu da aiki", ashe Bahaushe ne, kakanninsa sun taso aikin hajji a ƙafa suka zauna nan. Daga ranar na samu tafinta kyauta.

Inda nake ganin asara, kuma ba mu kaɗai ba na ji abokai daga wasu ƙasashe na faɗin haka, mutum ya dawo da ilimin nan a kansa amma ba a cika zaunar da shi a ce koya wa na baya ba. Ya shiga cikin tsarin da ya bari, shekara biyu ya koma yadda yake, ko kuma ya yi ta ƙirga kwanakin sake fita.

Maman_Sadiq:
Slm. Yallaɓai ya gama magana, ni dai ƙari zan yi ta ɓangaren mata da kuma iyali tunda ina cikin aikin kuma na je Sudan ta Kudu a matsayin IPO. Masu cewa ai hanya ce kawai, to ko da hanya sai ka ci jarrabawa, don mutanen Majalisar da kansu suke zuwa su yi ta. Sai ka yi aƙalla shekara 5 a aiki, a gwada Turancinka ko Faransanci, a kunna maka magana ka saurara ka rubuta rahoto, a yi maka intabiyu, sannan tuƙi, mota mai giyar hannu, ka yi ribas ka yi fakin tsakanin robobi cikin 'yan mintuna, wallahi na ga manyan ofisoshi da suka yi shekara 20 ana tuƙa su sun faɗi a nan, mu mata ma tuƙin ne ya fi kayar da mu shi ya sa na yi wata uku ina koyo kafin ranar. In aikin na masu makami ne a ƙara da harbi.

Kuma ana neman mata sosai, dalili kuwa a fili yake, macen da aka yi wa fyaɗe ba za ta zauna gaban namiji baƙo da yunifom ta faɗa masa ba, a wasu wuraren ma al'ada ba ta bari ta yi masa magana kwata-kwata. Indiya ta tura rukunin mata zalla Laberiya a 2007 kuma bayan nan 'yan matan Laberiya suka yi ta shiga aikin ɗan sanda don sun gani da idonsu.

Baban_Ilham shawarata, kafin ya tafi ku zauna ya gyara takardar magajinsa, ya bar wa matarsa hanyar cirar kuɗi a banki, kuma dan Allah kar ya ci bashi ko ya fara gini da sunan alawus ɗin da bai shigo hannu ba. A na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPO ana ba shi kuɗin zama kai tsaye a hannunsa, FPU kuwa gwamnatin ƙasarsu ake biya kan kowane mutum, dala 1,428 a wata daga 2018 aka ƙara zuwa 1,448 a 2022, ita kuma ta san yadda za ta yi da mutanenta. Na Tarayyar Afirka tsarinsa daban, shekara da shekaru Tarayyar Turai ce ke ɗaukar mafi yawan nauyin alawus ɗin Somaliya kuma kowa na jin labarin ƙarancin kuɗin da aikin ke fama da shi, to a sa rai amma kar a rataya komai a kai.

Maƙwabcinku_227:
Gaisuwa daga Nijar. Mu ma namu 'yan sanda da jandarmomi suna fita, galibi inda ake Faransanci, Haiti da Kwango da Afirka ta Tsakiya da Mali. Ni Mali na yi, kuma a Tumbutu na zauna kusa da FPU na Najeriya, in dare ya yi Hausa muke sha kamar muna gida, su suna mana dariyar namu Hausar mu muna musu dariyar Faransancinsu.

Amma Malam_Nazari kar a lissafo sunayen ƙasashe kawai kamar duka nasara ce. Mali an shekara goma, 2013 zuwa 2023, sama da mutum 300 na rundunar suka rasu, ƙarshe gwamnatin sojan ƙasar ta ce a tattara a fita kuma aka fita, tsaron bai gyaru ba. Haiti an zauna daga 2004 zuwa 2017, akwai ma ɗan sandan Najeriya da aka harbe a Port-au-Prince lokacin tarzomar tsadar rayuwa ta 2008, an horar da dubban 'yan sandan ƙasar, yau ga shi 'yan daba ne ke riƙe da yawancin babban birnin har sai da Kenya ta kai nata 'yan sandan a 2024. Darfur da Yallaɓai ya yi wa wahala an rufe aikin ƙarshen 2020, dubi abin da ke faruwa can tun 2023. Laberiya da Saliyo da Namibiya su kam an ga amfani, don 'yan ƙasar sun gaji da yaƙi da kansu. Inda masu bindiga ba su gaji ba, baƙo ba abin da zai iya sai dai ya rage wa talaka zafi na ɗan lokaci.

Malam_Nazari:
Wannan gaskiya ne maƙwabci, ban musa ba. Sai dai matan da aka raka itace a shekarun nan su ma ɗan lokacin ya yi musu rana.

Baban_Ilham:
Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, Yallaɓai Allah ya ƙara girma, Maman_Sadiq batun bashin nan kamar kin san shi don har ya fara maganar fili. Na karanta wa Hajiya wasu wuraren jiya, na tsallake na bam da roka gaskiya, labarin rakiyar matan nan ne ya sa ta yi shiru ta ce to in irin wannan ne Allah ya yi masa albarka. Yanzu tambayarta ɗaya ce wai akwai waya a can, za ta riƙa jin muryarsa?

Tsohon_Sufeto:
Akwai, Mogadishu layin waya da intanet suna aiki sosai, yana sauka zai sayi layi. Sai dai ku gaya mata suna gabanmu da awa biyu, in ya ce zai kira bayan isha'i to ta riƙe wayar tun kafin magaribarku. Kuma ya kiyaye ɗora hotunan sansani a Facebook, wannan kaɗai ya isa a ba shi takardar tuhuma. A gaida Hajiya.